Kyamarar Bidiyo: Danna Maɓalli Daban, Sanin Aikinsa Daban

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Da wuya a sami na'urar da ta gaskata wannan karin magana a gidajenmu kamar kyamarar bidiyo ta hannu, wadda ta haɗa idon ɗaukar hoto da injin naɗiya a jiki guda. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara fito da irinta domin amfanin gida a shekarar 1983, da sunan Betamovie. A shekarar 1984 kamfanin JVC ya biyo baya da tasa mai aiki da ƙaramin kaset na VHS-C, sannan a 1985 Sony ya kawo kaset mai faɗin milimita 8 tare da ƙaramar kyamarar nan Handycam. Ba a jima ba na'urar ta iso garuruwanmu. Da kyamarar bidiyo ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta shirya Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa. Da ita kuma aka yi ta ɗaukar biki da suna da saukar karatu da hawan Salla har tsawon shekaru.

To, amma duk wanda ya sami zarafin sake kallon waɗannan kaset-kaset a yau zai ga abin takaici. Hoto na rawa kamar a kan jaki aka ɗauke shi. Ango na zaune cikin farar babbar riga, rigar ta fito fes, fuskarsa kuwa ta koma inuwa. Dattijo na ba da tarihin gidansu, amma rurin janareta da kukan iska sun haɗiye muryarsa. Wani lokaci ma a yi minti goma cur ana kallon ƙasa da takalman jama'a, domin mai ɗauka ya zaci ya tsayar da naɗiya, alhali jan ɗigon nan da ke nuna ana ɗauka yana nan a kunne. Da yawa daga cikin mutanen da ke cikin waɗannan hotuna sun riga mu gidan gaskiya, babu kuwa halin sake ɗaukarsu.

A ganina, rashin sani ne ya jawo wannan asara. Kyamarorin suna da maɓallan da za su magance kusan dukkan waɗannan matsaloli, sai dai an bar su a kan otomatik, ba wanda ya tambayi amfaninsu. Kowane ɗaya daga cikin maɓallan nan kuwa darasi ne na Fiziks ko Kimistiri da ke cikin manhajar sakandare. Saboda haka ina ganin ya kamata makarantunmu su ɗauki koyar da ɗaukar bidiyo a matsayin aikin kimiyya, domin ɗalibi ya san abin da hannunsa ke dannawa.

Yadda hoto ke hawa zare

Haske yakan shiga ta gilashin gaban kyamara ya faɗa kan wani ɗan allo na silikon mai ɗauke da dubban ɗigogi, kowane ɗigo yana mayar da hasken da ya same shi zuwa lantarki. Wannan allo da ake kira CCD, Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro shi a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka a shekarar 1969, kuma saboda shi aka ba su kyautar Nobel a 2009. Daga allon sai lantarkin ya wuce zuwa kawunan naɗiya, waɗanda ƙananan maganaɗisun lantarki ne. Shi kuwa zaren kaset, siririyar leda ce da aka shafe da garin ƙarfe mai laushin gaske. Kan naɗiya yana juya alƙiblar maganaɗisun ƙwayoyin garin, kamar yadda maganaɗisu ke juya allurar kamfas. Ashe hoton amarya da ke cikin kaset ba kome ba ne illa jerin ƙwayoyin ƙarfe, wasu sun fuskanci nan wasu can.

A tsarin talabijin na PAL, wanda Nijeriya ta bi, ana nuna hotuna 25 a kowace daƙiƙa, kowane hoto mai layuka 625. Wannan bayani ya fi ƙarfin zaren da ke tafiya a hankali, domin zaren VHS santimita 2.3 kacal yake ci a daƙiƙa. Dabarar da injiniyoyi suka yi ita ce, suka ɗora kawunan a kan wata karkatacciyar ganga mai juyawa. A injin bidiyo na gida gangar na zagayawa sau 1,500 a minti ɗaya, sai kawunan su riƙa zana layuka a karkace a jikin zaren da gudun kusan mita 5 a daƙiƙa. Ga aikin lissafi nan ga ɗalibi: idan kaset ɗin E-180 yana ɗaukar minti 180, zaren kuma na tafiyar santimita 2.34 a daƙiƙa, zai tarar tsawon zaren ya haura mita 250.

Wanda ya fahimci wannan zai gane bambancin SP da LP ba tare da an faɗa masa ba. Idan aka zaɓi LP a VHS, gudun zare yakan ragu da rabi, kaset ɗin awa uku ya ɗauki awa shida. Riba ce a ido, amma layukan sun matse da juna, hoto da sauti sun rage kyau, kuma irin wannan naɗiya ita ce ta fi ba da wahala idan an saka ta a injin da ba shi ya naɗe ta ba. Araha ba ta ado. Abin da ake son ajiyewa domin jikoki, a SP ya kamata a naɗe shi.

Haske da launi

Kyamara tana da ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa kamar ƙwayar idon mutum. Idan an bar ta a otomatik, takan auna hasken da ke cikin hoton gaba ɗaya ta tsaya a tsaka-tsaki. Ba ta san fuska ta fi bango muhimmanci ba. Saboda haka idan mutum baƙi ko wankan tarwaɗa ya sa fararen kaya, ko ya ba taga baya, ko ya tsaya gaban farin bango da tsakar rana, sai kyamara ta ga haske ya yi yawa ta tsuke ƙofarta, fuska ta dushe. Maganin abin yana da sauƙi. Mai ɗauka ya ba rana baya domin haskenta ya faɗa kan fuskar wanda ake ɗauka. In haka ba ta samu ba, ya danna maɓallin gyara hasken baya, wanda akan rubuta wa BLC, ko ya buɗe ƙofar hasken da hannunsa har fuskar ta bayyana.

Na biyu shi ne ma'aunin fari. Hasken da muke kira fari iri-iri ne. Masana na auna launinsa da ma'aunin Kelbin: tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2,800, launinsa ya karkata zuwa ja, hasken rana da tsaka kuwa yana wajen 5,500, na cikin inuwa ko ranar hadari ya fi haka, ya karkata zuwa shuɗi. Ƙwaƙwalwarmu na gyara wannan bambanci ba mu sani ba, shi ya sa muke ganin takarda fara ce ko a ɗaki ko a waje. Kyamara kuwa sai an nuna mata. Akan riƙe farar takarda a cikin hasken da za a yi aiki da shi, a cika idon kyamarar da ita, a danna maɓallin ma'aunin fari. In an sauya wuri a sake.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan batun ado ne kawai. A ce ɗalibai sun je marinar Ƙofar Mata a Kano domin su ɗauki yadda ake rini da baba. Idan marini ya ɗaga zane daga karofi yakan fito da launi kore-kore, sai iskar oksijin ta taɓa shi ya riƙa juyewa zuwa shuɗi a gaban idon mai kallo. Wannan sauyin launi shi ne darasin Kimistiri da aka je nema. Kyamarar da aka bari a otomatik tana iya ƙoƙarin gyara launin da kanta yayin da zanen ya cika hoton, ta gurɓata abin da aka je gani. Wadda aka kulle ma'aunin farinta tun farko ita ce za ta ba da shaida ta gaskiya.

Jawo hoto da daidaita kaifinsa

Babu maɓallin da ya sha wahala a hannun masu ɗaukar biki kamar na zum, wato mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Abin da aka manta shi ne, gilashin da ya ninka girman hoto sau goma ya ninka rawar hannu ma sau goma. Akwai kuma zum iri biyu. Na gilashi yana ƙara bayani na gaskiya. Na dijital kuwa yanko tsakiyar hoton kawai yake yi ya kumbura shi, shi ya sa manyan lambobin da akan liƙa a jikin kyamara ba su haifar da kome sai dishi-dishi. Ƙafar mai ɗauka ta fi kowane zum: ya matsa kusa, ya manna gwiwar hannunsa a ƙirji ko ya ɗora kyamarar a kan mariƙi mai ƙafa uku, ya bar kowane hoto ya zauna aƙalla daƙiƙa goma kafin ya juya.

Haka nan daidaita kaifin hoto. Otomatik yakan rikice a cikin duhu, ko idan akwai gilashi ko waya ko mai giftawa tsakanin kyamara da abin da ake ɗauka, sai hoto ya riƙa shiga hazo yana fita. Ƙwararru sukan jawo abin kusa har ƙurewa, su daidaita kaifinsa da hannu, sannan su koma baya su fara naɗiya.

Tarihi ya nuna nauyin 'yan daƙiƙoƙin da suka dushe. A ranar 3 ga Maris 1991, wani mazaunin birnin Los Anjalas na Amurka mai suna George Holliday ya ɗauki 'yan sanda da sabuwar Handycam ɗinsa, cikin dare, suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King. Daƙiƙoƙin farko na abin da ya ɗauka sun fito dishi-dishi, don haka gidajen talabijin suka riƙa nuna hoton ba tare da su ba. A kotu kuwa lauyoyin 'yan sandan sun dogara ƙwarai da wannan sashe, wanda ke nuna King ya miƙe ya nufi wajen wani ɗan sanda. Da aka sallami 'yan sandan a watan Afrilu 1992, tarzoma ta ɓarke, mutane fiye da 50 suka mutu. Sai a 1993 wata kotun tarayya ta sami biyu daga cikinsu da laifi. Ba domin wannan kaset ba, da ƙila maganar ba ta je kotu ba sam. Darasin da ke ciki shi ne, duk wanda ya ɗaga kyamara ya zama shaida, kuma abin da ya fito sarai da abin da ya dushe a hotonsa duka suna iya shafar rayukan mutane.

Sauti da kwanan wata

Zum na jawo hoto, amma ba ya jawo murya. Ƙarfin sauti yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk lokacin da nisa ya ninka biyu. Ke nan muryar da makirfo ya ji daga mita ɗaya, idan aka ja baya zuwa mita huɗu, kashi ɗaya cikin 16 ne kawai zai same shi. Bugu da ƙari, kyamara na ƙara ƙarfin jinta da kanta idan wuri ya yi shiru, saboda haka da mai magana ya numfasa sai rurin janareta ya taso ya cike gurbin. A kusanci mai magana, ko a jona makirfo na daban a ajiye kusa da bakinsa, a rufe shi da soso saboda iskar hunturu, a kuma saurari abin da ake naɗa ta na'urar kunne tun ana cikin aiki.

Sai kwanan wata. Kyamara na da agogo da ɗan ƙaramin batir nasa, wanda in ya mutu sai ta riƙa buga kwanan ƙarya ko ta bar wurin fayau. A gyara agogon kafin a fita. A kaset irin na VHS da na milimita 8, kwanan da aka buga a jikin hoto ba ya gogewa har abada, don haka ya isa a bar shi na 'yan daƙiƙoƙin farko sannan a kashe. Abin da ya fi ma shi ne mai ɗauka ya faɗa da bakinsa: ga rana, ga gari, ga sunayen waɗanda ke zaune. In an gama, a karya ɗan harshen da ke bayan kaset ɗin VHS, ko a tura makullin na milimita 8, domin kada wani ya naɗi wasan ƙwallo a kan bikin iyayensa.

Ai zamanin kaset ya wuce

Na san wani zai ce duk wannan tsohon yayi ne, yau kowa na da kyamara a wayarsa, kuma ta fi Handycam wayo. Gaskiya ne kaset ya kau, allon CMOS ya maye gurbin CCD, ƙwaƙwalwar waya ta maye gurbin zare. Amma dokokin haske da na sauti suna nan yadda suke. Fuskar da ta ba taga baya tana dushewa a waya, zum ɗin dijital na ɓata hoto, murya na ɓacewa da nisa. Yawancin maɓallan da muka ambata suna cikin wayar, an dai ɓoye su ne a bayan allo.

Ga misali guda. Lantarkinmu yana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, saboda haka doguwar fitilar nan ta ajujuwa tana ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido bai gani. Kyamarar da aka ƙera domin Amurka, mai bin tsarin NTSC na kusan hotuna 30 a daƙiƙa, takan nuna hoto na ɓari a ƙarƙashin irin wannan fitila, domin ƙidayarta da ta fitilar ba su dace ba. Wayar da aka saita a kan hotuna 30 ko 60 tana iya yin haka a yau. Ɗalibin da ya san dalili zai mayar da ita kan 25 ko 50 in tana da wannan zaɓi, wanda bai sani ba kuwa ya ce waya ta lalace.

Wani kuma zai ce makarantu ba su da kuɗi, manhaja kuma ta cika. Amsa ita ce kyamara ɗaya, ko waya ɗaya, ta isa ta zama kayan awo a ɗakin gwaji. A hotuna 25 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto akwai daƙiƙa 0.04. A kafa ma'aunin mita a jikin bango, a saki dutse daga samansa, a ɗauka da saurin ƙyaftawa mai yawa domin kada dutsen ya yi jela, sannan a riƙa kallo hoto bayan hoto. Bayan hotuna biyar dutsen ya faɗi kusan santimita 20, bayan goma kusan santimita 78. Daga nan ɗalibai za su fitar da ƙarfin jan ƙasa, wato mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, da hannunsu maimakon haddar allo. Wannan aiki yana cikin manhaja tun asali.

Abin da ke cikin akwatunanmu

Akwai kuma aikin gaggawa. Ƙwayoyin ƙarfen da ke jikin zare wani danƙo ne ke riƙe da su, kuma laimar damina na narkar da shi a hankali har zaren ya riƙa mannewa yana zubar da garinsa. Funfuna na cin sa, zafin ɗakin kwano na lanƙwasa shi, ƙurar hunturu na kartar sa, maganaɗisun lasifika na iya shafe abin da ke cikinsa. Injinan da ke karanta shi ma suna ƙarewa: kamfanin Funai na Japan, wanda aka sani shi ne na ƙarshe mai ƙera injin VHS, ya daina a shekarar 2016. Duk injin da ya mutu yanzu, sai dai a cire kayan wani tsoho a gyara shi.

Saboda haka kaset ɗin da ke gida a jera shi a tsaye kamar littafi, cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi marar laima. Wanda ya yi funfuna kada a saka shi a inji kafin a tsabtace shi. A hanzarta juye shi zuwa kwamfuta, kuma daga kaset na asali, domin kwafi daga kaset zuwa kaset yana rage kyau a kowane hawa. In an juye, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, a rubuta sunaye da shekara, kada kuma a yar da na asalin. Waya na faɗawa rijiya, katin ajiya na ɓata, don haka abin da aka ɗauka jiya ma yana bukatar irin wannan kulawa.

Kira ga malamai da ɗalibai

Ina kira ga malaman kimiyya da su ba ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu aiki biyu a kowane zango. Na farko, gwaji ɗaya na awo da kyamara, kamar na faɗuwar dutse. Na biyu, ɗaukar sana'a ɗaya ko dattijo ɗaya na garin: maƙeri a gaban zugazugi, majemi, masaƙi, ko tsohuwar da ta san sunayen itatuwan magani. A nemi izinin mutum kafin a ɗauke shi, a gaya masa inda za a nuna hoton, a kiyaye hurumin gidajen da ba a shiga, wanda ya ƙi kuma a ƙyale shi. Kafin a danna jan maɓalli, ɗalibi ya amsa wa malaminsa tambayoyi huɗu: ina haske ya fito, an auna fari, mita nawa ne tsakanin baki da makirfo, kuma kwanan watan daidai ne?

Ku kuma ɗalibai, ku tambayi iyayenku inda aka ajiye kaset ɗin aurensu da na sunanku, ku duba halin da yake ciki tun damina ba ta sake zagayowa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya koyi riƙe kyamara da ilimi tun yana aji huɗu, ko likita ya zama ko ɗan jarida ko manomi, abin da ya ɗauka zai amfani waɗanda za su zo bayansa.